Godiya bayan kammala gyaran tsohuwar gadar ƙafa da madatsar ruwan jami'armu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an buɗe gadar, ɗalibai sun daina dogon zagaye. A madadin kwamitin gyara, muna miƙa godiya ga hukumar jami'a, da tsofaffin ɗalibai na nan Kano da na nesa da suka haɗa kuɗin aikin.

Godiya ta musamman ga birkiloli da masu walda. Ciwon gadar tsatsa ce: ruwa ya ratsa kankare ya kai ga rodi, rodin ya kumbura ya fasa abin da ya lulluɓe shi. Da an shafe da siminti kawai, da damina biyu ta tona asiri. Sai suka sassaƙe wajen har bayan rodin, suka goge shi da burushin ƙarfe, wanda ya sirance aka haɗa masa sabo, aka mayar da kankare mai kaurin santimita 4 a kansa. Awon kwaɓin: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Da yake lokacin hunturu ne, iska na shanye danshi kafin siminti ya kama, leburori suka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna suna ba shi ruwa safe da yamma, ba a bari an taka ba sai bayan kwana 28. Allah ya saka musu da alheri. Tsofaffin duwatsun ginshiƙan kuwa ba a jefar da ko ɗaya ba, lamba aka sa musu, kowanne ya koma gurbinsa.

Madatsar ta fi ba mu tsoro. Kanawa ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a Agustan 1988 ba. Saiwar bishiyoyi da ramukan gara da gafiya sun buɗe wa ruwa hanya a jikin bangon madatsar tamu. An tuge bishiyoyin, aka cike ramukan da yumɓu hawa-hawa, kowane hawa santimita 15, a daddaɓe kafin a ƙara wani. An yashe laka, an cire kacalla, an share mafitar rarar ruwa, aka jera duwatsu a gefen da igiyar ruwa ke ci. Malamanmu injiniyoyi da suka duba kowane mataki kyauta, mun gode ƙwarai.

Roƙonmu: don Allah kada a hau gadar da babur, ta masu tafiya a ƙafa ce. Wanda ya ga ruwa mai laka yana tsatsafowa ta bayan madatsar, ya sanar da sashen ayyuka nan take.