Kunamar teku a falon Damagaram

Aikinmu a shagon maigidana gina tafkin siminti ne na kiwon tarwaɗa, wani lokaci kuma akwatin gilashi na kifin ado ga masu hali. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya dawo daga Dubai, can ya ga kifin nan mai faɗi kamar faifai, mai doguwar wutsiya da ƙaya mai dafi. Dangin kunamar ruwa ce da masuntan Binuwai suka sani, sai dai wannan ta teku ce, mai ɗigo-ɗigon shuɗi a gadon baya, irin ta Bahar Maliya. Ya ce ita yake so a falonsa, ko nawa ne.

Maigida bai ce a'a ba. Ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, a ba mu mako shida mu yi kiwon ruwan tukuna. In ruwa ya zauna, sai a kawo kifi." Ni aka miƙa wa littafi da ma'aunin zafi da ma'aunin gishiri, aka ce safe da yamma in rubuta abin da na gani.

Mako shidan yana da dalili. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama a cikin duwatsu da matatar ruwa suna juya ta zuwa abin da bai kai ta illa ba, amma sai sun ɗauki makonni kafin su yi yawa. Kunamar teku kuma maciya ce, jatan lande da naman kifi take ci, ƙazantarta ta fi ta ƙananan kifaye nesa ba kusa ba. Na karanta wannan a jami'a, amma sai da na ga ruwan gwaji yana sauya launi a kwalba a hannuna sannan ya zauna mini a kai.

Akwatin lita 1000 muka haɗa, mai faɗin ƙasa, domin ita a ƙasa take rayuwa, tsayin gilashi bai dame ta ba. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, ke nan kilo 35 a cikon farko kawai. Ba gishirin Bilma ba, ba na miya ba, wani haɗi ne na musamman da ake sayowa daga waje. Kowane mako a sauya kashi ɗaya cikin goma, bido huɗu masu lita 25, da tataccen ruwa. Na'urar tacewar tana zubar da ruwa fiye da wanda take bayarwa. A garin da mata ke jera bido a bakin famfo tun asuba suna jiran ruwa ya zo, wannan lissafin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Da safe nakan tarar da farin gishiri ya bushe a leɓen gilashin, ruwan ya ja baya da faɗin yatsa. Busasshiyar iskarmu ta kwashe ruwa ta bar gishiri, ma'auni ya hau. Dole a cika da ruwan da ba gishiri, kullum, kaɗan-kaɗan, don kifin ba ya jure sauyi na farat ɗaya.

Yashi ma sai da muka tsaya a kansa. Na ɗebo na ƙorama na murza tsakanin yatsu, na ji kaifinsa. Cikin kunamar teku laushi gare shi, ba ɓawo, a yashi take binne kanta ta bar idanu da ƙofofin numfashi biyu na bayansu a waje. Yashi mai kaifi zai kurje ta, ciwo ya shiga. In ta yi ciwon kuma, maganin kifi mai sinadarin tagulla da ake zuba wa sauran kifaye ita kashe ta yake yi. Tana kuma jin lantarki a jikinta, da shi take gano abinci a ƙarƙashin yashi, saboda haka famfon lantarki mai juya ruwan akwatin da ke yoyon wuta ko kaɗan azaba ne gare ta. Gidajenmu nawa ne aka sa wa wayar ƙasa, mai kai yoyon wuta cikin ƙasa, yadda ya kamata?

Inda magana ta ƙare shi ne zafi. Gwajin ya faɗo a Afrilu, lokacin da rana ke wuce digiri 40. Kifin yana son 24 zuwa 27. Muddin na'urar sanyaya ruwa na aiki, lafiya lau. Ranakun da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, gurup ɗin gida, wato janareta, kuma ya tsaya, ruwan ya haura 30. Ruwa mai ɗumi iskar shaƙa kaɗan yake riƙewa, famfo kuma a tsaye, bakteriyar da muka yi makonni muna reno sai ta soma mutuwa, amoniya ta sake bayyana a kwalba.

Na kai wa Alhaji littafin, shafi-shafi. Na ƙara masa da cewa wannan mai ɗigon shuɗin, ko a hannun gwanaye a bakin teku, sau da yawa takan ƙi cin abinci har ta mutu. Kafin wannan aikin ina jin nauyin gaya wa babba abin da ba ya so ya ji. Ranar na ga in da rubutu a hannunka, ba sai ka yi gardama ba, gani ya kori ji. Ya daɗe yana duba lambobin, sannan ya ce, "To, ɗana, rai ne. Ba zan ɗauki alhakinta ba."

Wani yaronsa ya kawo shawarar a sayo ta Binuwai, tunda ba ta son gishiri. Ita ma muka hana. A Garwa ta Kamaru masana suka fara bayaninta a 1962, yau tana cikin kifayen da ake tsoron ƙarewarsu, zafi da ɗaukewar wuta kuma ba za su bar ta ba. Muka zubar da ruwan gishirin, muka wanke akwatin, muka cika shi da ruwan daɗi, aka sa ƙananan karfasa daga tafkin Gidimuni.