Alhamis: minti arba'in sun koma uku

Jiya aka ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗayan dare, batirin inbata ya ƙare, sabar ofis ta mutu aikin tattara takardu yana rabi. Karo na uku ke nan a watan nan. Da safe oga ya ce a sayo ƙarin batiri. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni yau in duba rubutun shell ɗin, wato jerin umarnin da ke tattara takardun, tukuna; in ya yi sauri zai gama kafin batiri ya ƙare."

Kafin in taɓa komai sai da na auna tsawon lokacin da yake ɗauka da umarnin `time`. Minti arba'in da ɗoriya, kuma kusan duka layi ɗaya ne ke cinye su: umarnin `find` ya nemo fayil, ya miƙa wa `grep`, mai neman kalma a cikin fayil, ta hanyar `-exec`, ƙarshen layin kuma `\;`. A nan gizo ke saƙa. Da wannan alamar, kowane fayil sai an tayar masa da sabon `grep`, ya duba shi kaɗai, ya rufe, a sake tayar da wani. Kamar ka aiki yaro kasuwa ya sayo tumatir ya dawo, ka sake tura shi albasa, ya dawo, ka tura shi gishiri. Na cire ta na sa `+`, wadda ke tara sunaye da yawa ta miƙa su a tafiya ɗaya. Nan take lokaci ya faɗo zuwa ƙasa da minti goma.

Bayan azahar na gano ɗayar matsalar, wadda ta fi ba ni haushi. An sa `-not -path` don a tsallake babban kundin tsofaffin ajiya, amma wannan ba ya hana `find` shiga ciki. Yana shiga, ya bi kowane lungu, sannan ya ƙi nuna abin da ya gani. `-prune` ce ke tsayar da shi tun a bakin ƙofa. Tana da ɗan rikici, domin dole a haɗa ta da `-o` a kuma rubuta aikin a fili, amma ta biya wahalarta.

Na gwada `xargs -P4`, umarnin da ke karɓar sunayen fayil ya rarraba wa `grep`, don a yi aiki huɗu lokaci guda. Da farko ya ƙi, saboda muna da fayil mai suna 'yan kwangila, shi kuma ya ɗauki waƙafin saman a matsayin buɗe zance. `-print0` da `-0` suka warware wannan. Sai dai saurin bai ƙaru ba, domin faifan ajiyarmu irin mai juyawa ne, ba ya saurin karanta wurare da yawa lokaci guda, don haka na cire.

Abokin aikina ya kawo shawarar `plocate`, wani umarnin neman fayil. Yana da sauri ƙwarai, amma yana dogara da rumbun da `updatedb` ke sabuntawa sau ɗaya a yini, ni kuwa takardun yau nake nema.

Awon ƙarshe kafin la'asar: minti uku ba kaɗan. Na bar shi ya tashi ƙarfe goma sha biyun dare, gobe in Allah ya kai mu zan duba yadda ya kwana.