Yadda na gina fangali mai katangar dutse a tsakar gida

Ƙasar tsakar gidana da ke Mabera a Sakkwato jar marmara ce mai tauri, wadda ko diga sai an sha wahala kafin ta shige ta, saboda haka na yanke shawarar ɗaga fangali sama, in kewaye shi da gajeriyar katanga, in cika shi da ƙasa mai kyau domin alayyafo da tattasai da yakuwa. Ban taɓa riƙe cokalin gini ba kafin wannan aiki, amma na yi dace da wani dattijon magini a unguwarmu, wanda ya yarda ya riƙa leƙowa yana duba mini, ni kuma ina yi da hannuna.

Na auna tsawon mita 3 da faɗin mita 1, domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka shuka ba, tsayi kuma layi biyu na bulo mai inci 6, wato kusan rabin mita. Da na nuna masa duwatsun da na sayo ina ɗoki, sai ya ce, "Malam, dutsen nan riga ce kawai. Bulo da harsashi su ne jiki, kuma ruwa ne zai raya ginin nan ko ya kashe shi." Duk abin da na koya daga baya ya tabbatar mini da wannan magana.

Na haƙa harsashi har na tarar da ƙasa mai ƙarfi, zurfin kusan ƙafa ɗaya, na zuba kankare da aka kwaɓa da kwano 1 na siminti, 3 na yashi, 6 na tsakuwa. Abin da sabon shiga ba zai taɓa tunaninsa ba shi ne faɗin harsashin. Dole ya zarce bulo ta waje da gwargwadon kaurin dutsen da za a liƙa, domin layin farko na dutse ya zauna a kan kankare, nauyin na sama ya sauka a kansa. Idan babu wannan mazauni, kwaɓi ne kaɗai ke riƙe da duwatsu, kuma a hankali za su fara ɓanɓarowa.

Jera bulo bai ba ni wahala ba bayan na ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa. A layin ƙasa dattijon ya sa na saka guntayen bututun roba, ɗaya a kowace mita, sun ratsa daga ciki zuwa waje. Na tambaye shi, "Baba, ruwan da muke nema ido rufe a garin nan, shi za mu buɗe wa hanya ya fita?" Ya tuna mini da ruwan watan Agusta, wanda kan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Ƙasar da ta sha ruwa ta ƙoshi nauyinta ƙaruwa yake, tana tura katanga daga ciki, sannan saiwar shuka ruɓewa take idan ruwa ya kwanta. Na yi wa cikin katangar filasta, na shimfiɗa leda mai kauri domin damshi kada ya ratso bulo ya raba dutse da kwaɓinsa, amma ban rufe bakin bututun ba.

Liƙa dutsen shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi na fi jin daɗinsa. Na fara baje duwatsun a ƙasa, na ware masu miƙaƙƙen baki domin kusurwa da saman katanga, na gwada su kamar yadda za su zauna kafin in taɓa siminti. Kowane dutse sai na wanke ƙurarsa, na jiƙa shi, na kuma yayyafa wa bulon ruwa, domin busasshen dutse da busasshen bulo tsotse ruwan kwaɓi suke yi kafin ya kama. Kwaɓin liƙi kwano 1 na siminti ne da 3 na tankaɗaɗɗen yashi. Nakan shafa shi a bayan dutse ya cika ko'ina, in danna, in ɗan murza, in bubbuga da ƙotar cokali har kwaɓi ya ɓullo ta gefe. Ana farawa daga ƙasa da kusurwa, kuma ba a bari gaɓoɓi su miƙe a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Duk simintin da ya ɓata fuskar dutse sai a goge da jiƙaƙƙen soso nan take, domin idan ya kwana ya zama tabo.

Na zaɓi hunturu ne don in guje wa zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40, sai dai iskar hunturu ma busasshiya ce ƙwarai. Don haka kwaɓi kaɗan-kaɗan nake yi, wanda zan ƙarar cikin awa guda, da safe ko bayan la'asar. Siminti ba bushewa ce ke ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma wannan aiki yana ci gaba har kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Muna da kamfanin siminti a Kalambaina, kusa da mu, amma kyawun siminti ba ya hana gini tsagewa idan aka hana shi ruwa. Na lulluɓe katangar da buhunan algarara, ina jiƙa su safe da yamma tsawon mako guda, kuma ban zuba ƙasa ba sai da wata ya cika.

Wajen cikawa na fara da tsakuwa a ƙasa, musamman bayan bututun, sannan ƙasar fadama da aka gauraya da ruɓaɓɓen takin awaki. Bayan daminar farko wani farin gishiri ya fito a kan wasu gaɓoɓi na layin ƙasa, wanda damshi ke fitarwa daga cikin siminti. Na bari ya bushe sarai na goge shi da buroshi mai tauri, kuma kafin kowace damina nakan zura sanda a bututun in tabbatar ƙasa ba ta toshe su ba.