Yaran da Ba a Tambaya

A makon jiya wata maƙwabciyata ta kwana a ɗakina da 'ya'yanta bayan mijinta ya lakaɗa mata duka, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙaramar 'yarta, wadda take toshe kunnuwa duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa. Da gari ya waye dangi suka zo suna ba uwar haƙuri, amma babu wanda ya tambayi yaran halin da suke ciki, wanda a ganina babban sakaci ne. Mun raka ta asibiti, sannan muka bayyana mata cewa dokar VAPP ta 2015, wato dokar Najeriya ta hana cin zarafin mutane, wadda jihohi da dama suka amince da ita, ta ba kotu ikon hana mai duka kusantar iyalinsa.