Shafi 14 da Na Tafi da Su Zaman Sulhu

Shekara 11 muka yi da baban yarana kafin auren ya mutu. Rabuwar ba ta wahalar da mu kamar abin da ya biyo bayanta ba: wurin wa yara biyu za su zauna, wa zai biya kuɗin makaranta, yaya za a yi da motar da muka haɗa kuɗi muka saya. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai aka ba mu shawara mu zauna gaban mai shiga tsakani kafin a kai ga shari'a.

Mako biyu na yi ina shiri, ashe shirin faɗa nake yi. Na sami littafin rubutu na cika shafi 14 da laifuffukansa, kowanne da ranarsa: daren da bai kwana gida ba, maganar da ya yaɓa mini gaban baƙi, duk na zuba. Yayata ta karanta shafi uku ta rufe. Ta ce, "Ƙanwata, na san ba ƙarya a ciki. To, idan kin gama karanta musu, me kike so ki fito da shi a hannu?" Na ji haushinta, don ba ni da amsa.

A zaman farko mai sulhun ta faɗa mana iyakar aikinta. Ita ba alƙaliya ba ce, ba ta yanke hukunci, ba ta goyon bayan kowa, kuma babu abin da zai zama yarjejeniya sai mu biyu mun yarda. Duk da haka na buɗe littafina. Ban kai rabin shafi ba shi ma ya ɗauko nasa ƙorafin, murya ta hau murya. Ta ƙyale mu muka huce, sannan ta tambaya a hankali, "Ranar Litinin da safe, wa zai kai yaran makaranta?" Ɗakin ya yi tsit. Na tuna kaf shafukan nan babu inda na rubuta sunan yarana.

Shirin gaske bayan wannan zaman na yi shi. Na tattara rasit na makaranta na shekara guda, takardun asibiti, bayanan banki na wata 6 da takardun motar, na lissafa abin da yaran ke ci a wata, ba da ka ba, a rubuce. Na ga lauya sau ɗaya don in san haƙƙina kan reno da ciyarwa, domin wanda bai san nasa ba, ko ya yafe abin da bai kamata ba, ko ya kafe kan abin da ba nasa ba.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne kasa buƙatuna uku: wanda ba zan iya bari ba, wanda nake so amma zan sassauta, da wanda fushi ne zalla. Motar nan da nake ta haƙiƙancewa a kanta, da na tambayi zuciyata tsakani da Allah, sai na ga so nake kawai ya rasa ta. Abin da ba zan bari ba kuwa ƙarami ne a ido. Autana yana da asma, kuma dole maganin shaƙarsa ya bi shi duk gidan da zai kwana. A lokacin ina yawan karanta aya ta 128 ta Suratun Nisa'i, inda Allah ya ce sulhu alheri ne, don ta riƙe mini harshe.

Wata rana kuka ya ci ƙarfina, na nemi mu keɓe da mai sulhun, ta amince, ashe abu ne da aka saba yi. Amma wadda ake duka ko ake wa barazana, ta faɗa tun kafin a zauna. Ba a sulhu da mutumin da kike tsoron ɗaga ido ki kalla, wannan maganar kotu ce.

Zama huɗu muka yi. A daftarin farko an rubuta "zai riƙa taimakawa", na ce sam, a sa adadi da ranar biya. Lauyana ya duba kafin in sa hannu. Duk da haka mun manta da dogon hutun makaranta, sai da muka sake komawa bayan wata 5.

Yanzu ranar Juma'a da yamma yake zuwa ɗaukarsu. Kafin ya tada mota, yakan buɗe jakar auta da kansa ya duba ko maganin na ciki.