Gizo da Damin Gero: Abin da Ya Yi da Abin da Bai Yi Ba a Katun ɗinmu na Farko

Kashi ɗaya muka yi, mai tsawon minti 7, a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Labarin ba mai wuya ba ne: Ƙoƙi ta zuba dami 10 na gero a rumbu, Gizo yana zare ɗaya duk dare, ita kuma gari na wayewa sai ta ƙirga ta ga ya ragu. Abin da muke so shi ne yara 'yan shekara 4 zuwa 7 su kama ɗebewa ta lissafi ba tare da an kira ta da suna ba. Da muka gama muka ajiye kwamfuta a kan turmi a wani zaure, muka tara yaran unguwa. Ni ban kalli allon ba sam, fuskokinsu na riƙa kallo.

Lissafin aikin shi ya fara karya mana gwiwa. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan, amma a katun an saba barin zane ɗaya ya tsaya sau biyu, wato zane 12 a sakan. Minti 7 sakan 420 ne, zane 5,040 ke nan. Mutum biyu da ke jiran cajin sola ba za su iya ba. Sai muka koma salon yankakken zane: a zana kai daban, gangar jiki daban, hannaye da ƙafafu daban, a haɗa su a gaɓa a cikin manhajar OpenToonz, wadda kyauta ce, a riƙa motsa su kamar 'yar tsana. Tafiya kuwa zane 8 muka yi, yana ƙarewa ya sake komawa farko. Gizo ma hannu biyu ƙafa biyu muka ba shi don rage wahala, muka sa masa 'yar shara da hula. Yaro ɗaya ne ya tambayi inda sauran ƙafafun suka tafi, ya kuma manta da zancen nan take.

Murya ce ta ɗauki shirin nan a kai. Ita ake fara ɗauka kafin a zana komai, domin a kanta ake auna motsin baki da tsawon kowace fitowa. Karon farko a ɗakin kwano mai daɓen siminti muka ɗauka, muryar ta fito kamar daga cikin randa. Muka koma ɗakin ƙasa mai rufin azara, muka shimfiɗa tabarmi, muka jingina katifa a bango bayan mai magana, waya kamar taƙi ɗaya daga bakinsa. Amsa-kuwwar ta tafi. Lokaci ma sai an zaɓa: da asuba zakaru, da hantsi injin niƙa, da yamma awaki na dawowa. Bayan isha'i ya fi, in dai mai cajin waya bai tayar da janareta ba.

Mai muryar Gizo ya yi masa tsamin bakin da aka san shi da shi a tatsuniya, gero ya zama "geyo", rumbu ya zama "yumbu". Yara suka yi ta birgima. Amma nan ɗin ne muka yi kuskuren da ya taɓa darasin kansa. A fitowa ta uku mun bar Gizo ya ƙirga, tara ta koma "taya", biyar ta koma "biyay", ƙananan cikinsu suka ɗauka haka suka riƙa maimaitawa har gida. Da muka gyara, ƙirge duka ya koma bakin Ƙoƙi, a fili, a hankali. Gizo aikinsa ƙarya da ban dariya.

Motsin baki siffa 6 ya ishe mu: rufaffe don m da b da ɓ, buɗaɗɗe don a, shimfiɗaɗɗe don i da e, zagayayye don o da u, ɗaya na haƙora a haɗe don s da ts da z, sai na hutu. Jadawalin da ake samu a intanet na Turanci ne, yana da siffar da haƙoran sama ke cizon leɓen ƙasa don harafin f. Mu kuwa da leɓe biyu muke furta f, haƙori ba ya shiga. Na bi jadawalin da farko, Ƙoƙi ta zama kamar baƙuwa duk sanda ta ce "fito". Na cire siffar, na yi amfani da zagayayye mai ɗan tsukewa. Dogon wasali shi ma sai an riƙe bakin a buɗe daidai tsawonsa, in ba haka ba baki ya rufe murya tana ci gaba.

Sai babban abin kunya. A yankakken zane, in kana so mutum ya fuskanci ɗaya ɓangaren, juya hoton kawai kake yi kamar a madubi. Sauƙi ne, amma dama ta koma hagu. Ƙoƙi ta miƙa wa Gizo ƙwaryar fura da hagu, shi kuma ya kai loma da hagu, sakan 11 cur. Ni da na kalli wurin sama da sau ɗari ban gani ba. Wani dattijo da ke bakin ƙofa ya ce, "Malam, wannan Ƙoƙin taku ba a gidan mutane ta tashi ba ne?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifin mai zane ne." Maganinsa shi ne a zana hannayen ɓangaren biyu daban tun farko, a rubuta wa kowanne suna, sannan kafin a fitar da shiri a yi kallo ɗaya na musamman wanda ba a duba komai sai hannu.

Yaran karkara ba a yi musu ha'inci a zanen gona. Na zana damin da kai mai baje-baje, wata yarinya ta ce wannan ai dawa ce, gero zangarniyarsa doguwa ce siririya. Rumbun na ajiye shi a ƙasa tsaf, alhali a kan duwatsu ake ɗora shi saboda danshi da gara. Bayan fage kuma na sa ciyawa kore shar da hadari, ga shi labarin na bayan kaka ne, lokacin da gonaki sai kara. Duk sanda suka tsinci irin wannan, gardama ke ɓarkewa a tsakaninsu, ƙirgen Ƙoƙi ya wuce ba wanda ya ji.

Wurin da ya fi kowanne aiki shi ne inda Ƙoƙi ke juyowa ta kalli masu kallo ta ce, "Jiya bakwai ne, an ɗauke ɗaya, saura nawa?" Sai dai sakan ɗaya kawai na bari kafin ta ba da amsa, tana ba su suna kan lanƙwasa yatsu. Na mayar da shi sakan 4, damman suna jere a allo, wanda aka sace ya bar gurbinsa a fili. A kallo na biyu zauren gaba ɗaya ya amsa "shida!" kafin ta buɗe baki. Shirun nan a kunnen babba yana da tsawo, har hannu ya riƙa ƙaiƙayin yanke shi.

Kiɗan kalangu da muka sa a ƙasa ya yi daɗi a abin sawa a kunne, amma a lasifikar waya ya danne magana. A waya kuwa shirin zai rayu, ana tura shi ta Xender ko a zuba a memori wajen masu caji. Yanzu a ƙaramar waya mai arha nake gwada sauti, in rage kiɗa a manhajar gyaran sauti ta Audacity har sai kowace kalma ta fita daga taku biyar. Siraran layuka ma ɓacewa suke a ƙaramin allo, sai na kaurara su. Rubutun sunan shirin ya fito da akwatuna a gurbin Ƙ da ƙ saboda nau'in harafin ba shi da masu lanƙwasa, da hannu na zana su.

Buɗewa da "Ga ta nan, ga ta nanku" ta sa sun amsa "Ta zo mu ji ta" suka nutsu nan take. Rufewar ce ba ta yi ba. Mun sa wata tsohuwa ta yi sakan 50 tana bayanin illar sata, tana farawa suka miƙe. Washegari wasan da ake yi a ƙofar gida na Gizo ne yana sanɗa, ba mai son zama Ƙoƙi. A sabon yankan mun cire tsohuwar. Ƙoƙi ta shafa danƙo a dami na ƙarshe, Gizo ya manne, aka sa shi ya dawo da damman ɗaya bayan ɗaya a kansa yana nishi, ita tana ƙirgawa daga ɗaya har goma. Ya ƙara mana aikin mako biyu, kuma a nan ma sai da muka sake duba da wane hannu yake sauke damin.