Buɗe kofin duniya a Ƙatar, yadda na gan shi daga bakin ƙofa

Ina cikin 'yan sa-kai 20,000 da FIFA ta ɗauka don gasar cin kofin duniya ta 2022. Aikina na yau da kullum a Doha lissafin kuɗi ne a wani kamfanin jigilar kaya, hutu na ɗauka na shiga. Ghana ta riga ta fitar da Najeriya a Abuja tun watan Maris, sai na ce in ba a yi da ƙasata ba, ai a yi da ni.

Ranar buɗewa, Lahadi 20 ga Nuwamba, aka tura ni filin Al Bayt da ke Al Khor, arewa da Doha, wanda aka gina da siffar tantin Larabawa makiyaya. Duk mai tunanin ɗan sa-kai kallon ƙwallo yake zuwa yi, ya sauya tunani. Riga da takalmi da abinci za a ba ka, sai wani ƙaton hannu na soso da za ka riƙa nuna wa mutane hanya da shi, ka juya wa filin baya. Ni tsakanin inda bas-bas ke sauke jama'a da ƙofofin bincike aka ajiye ni. Jirgin ƙasa na cikin birni bai kai Al Khor ba, a Lusail yake tsayawa, daga nan sai mota, shi ya sa hanya ta cushe tun da la'asar. Ga dakaru bisa raƙuma da dawakai an jera su a mashigar filin, kowa ya sauko sai ya tsaya ɗaukar hoto, mu kuma muna ta roƙon su su matsa gaba.

Tambayar da aka fi yi mini ba ta ƙofa ba ce, ta giya ce. Kwana biyu kafin buɗewa aka sanar ba za a sayar da giya a harabar filayen wasa ba, alhali kamfanin giya na Budweiser na cikin manyan masu ɗaukar nauyin gasar. Ni ɗan Kano da ban taɓa riƙe kwalbarta ba, na wuni ina yi wa mutanen Ekwado, waɗanda ƙasarsu ce za ta kara da Ƙatar a wasan buɗewa, bayanin cewa mara sa maye kaɗai za su samu. Wasu dariya suka yi, wasu suka yi tsaki, daga baya kuma suka mai da abin waƙa a cikin fili. Tun a nan na gane cewa mai masaukin yana so duniya ta san gidansa aka zo, ba haya aka ba shi ba.

Bikin kansa a waya na kalle shi, a tsaye, tare da wani mai gadi ɗan zangon Kumasi da muka gano muna jin Hausar juna. Ihun filin yana riga hoton wayar isowa gare mu. Mun ga Morgan Freeman ya zauna a ƙasa kusa da Ghanim Al-Muftah, matashin nan ɗan Ƙatar da aka haifa da naƙasa a ƙasan jikinsa, shi kuma ya karanto aya ta 13 ta Suratul Hujurat, wadda ke cewa an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna. Abokina ya ce "Allahu Akbar" a hankali, ni ma tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba.

Kafin a tashi wasa guntun bidiyon ya zagaye zaurukan WhatsApp na gida: an buɗe kofin duniya da Alƙur'ani. Yayana ya kira ni yana cewa, "Kai, ƙanena, ka yi sa'a, ka ga tarihi da idonka." Amma abin da ya isa Kano an yanke masa raye-raye da kaɗe-kaɗe da mawaƙin Koriya da matasa suka yi ta yi wa ihu. A can Ingila kuwa BBC ba ta nuna bikin a babbar tasharta ta talabijin ba, sai ta cika lokacin da maganar haƙƙin ma'aikata da dokokin Ƙatar da yadda aka ba ta gasar a 2010. Biki ɗaya, kowa ya yanki inda ya dace da abin da ya riga ya yarda da shi. Tun daga ranar, duk guntun bidiyon da aka turo mini na wani taro, sai na tambayi kaina me aka cire.

Inda ainihin maganar take kuwa shi ne jerin kujerun manya. Daga Yunin 2017 zuwa Janairun 2021, Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar sun yanke hulɗa da Ƙatar, aka rufe iyakarta guda ɗaya ta ƙasa. Mu da muke zaune a ƙasar mun san yadda madarar Saudiyya ta ɓace daga kantuna, har sai da aka kwaso shanu a jirgin sama. To ga shi daren nan Yarima Muhammad bin Salman na Saudiyya yana zaune kusa da shugaban FIFA Gianni Infantino da Sarki Tamim na Ƙatar. Ga Shugaba Sisi na Masar da Shugaba Erdogan na Turkiyya, waɗanda a lokacin ba sa ga maciji da juna tun juyin mulkin Masar na 2013, sun yi musafaha, Sarkin na tsaye a gefe yana murmushi. Ga Sarki Abdullah na Jodan, ga Macky Sall na Senegal, ga Paul Kagame na Ruwanda. Shugabannin manyan ƙasashen Turai kuwa ba su zo ba, kuma rashin zuwan nasu shi ma magana ce. A ganina wasan wuta da fitilu na 'yan kallo ne, hoton musafahar nan shi ne abin da Ƙatar ta kashe kuɗinta ta saya. Mu a ƙasa abin da muka sani kawai shi ne idan ayarin baƙaƙen motoci ya taho, sai a tsayar da kowa, ko da tikitinsa a hannu.

Akwai waɗanda babu su a kujerun manya, babu su a dandalin biki, kuma ko a rahoton masu suka adadi ne kawai. Mai gadin nan na Kumasi yana cikinsu. Albashi mafi ƙanƙanta a Ƙatar riyal 1,000 ne a wata tun 2021, ban da kuɗin abinci da masauki, kuma shi kansa wannan sai da matsin lambar gasar aka samu. Ya ce mini bashin da ya ci ya biya dillalin da ya kawo shi bai gama biya ba. Da na tambaye shi ko yana ganin sukar da Turawa ke yi gaskiya ce, sai ya ce, "Malam, gaskiya ce, amma ba don ni suke yi ba." Babban sakataren kwamitin shirya gasar, Hassan Al-Thawadi, da bakinsa ya faɗa ana cikin gasar cewa ma'aikata 400 zuwa 500 sun mutu a ayyukan da suka shafi gasar. Ina iya jin daɗin ayar da aka karanta, in kuma riƙe wannan adadin a raina. Ban ga abin da ya tilasta mini zaɓar ɗaya ba.

Ƙwallo ce kaɗai ta ƙi bin tsari. Enner Valencia, ɗan wasan Ekwado, ya ci biyu tun kafin hutun rabin lokaci, bayan an soke masa wata a farkon wasa, Ƙatar ta zama mai masauki ta farko da ta sha kashi a wasan buɗewa. An shirya mu za mu huta har kusan ƙarshen wasa kafin a fara fitowa. Ana zuwa hutun rabin lokaci sai ga fararen jallabiyoyi suna kwararowa daga ƙofofi, kowa na neman motarsa kafin hanya ta sake cushewa. Shugaban rukuninmu ya ce mu ajiye abinci mu koma layi, muka juya hannayen soson suka fuskanci wurin ajiye motoci.